Injin da ke mutuwa in ya yi zafi: yadda aka gano ciwon wutar wani tsohon injin yankan itace a Kano

Mai injin da injinsa

Mutumin da abin ya faru da shi maƙwabcina ne a wajen Kurna. Ya ba shekara hamsin baya, sana'arsa kuma sare itace. In iskar damina ta kayar da darbejiya a kan katangar wani, ko maɗaci ya tsufa a wani gida a Nasarawa har ana tsoron ya faɗo wa rufi, shi ake kira. Shi zai datsa gungumen, masu faskare biyu su bi bayansa, mai kura ya kwashe zuwa gidajen burodi da wajen 'yan itace. Magidanta huɗu ke nan suke ci a kan inji ɗaya.

Injin Stihl 070 ne, ƙirar Jamus. Samfurin ya fito ne a 1968, ya gaji wani da ake kira Contra na 1959. Girman silindarsa kusan cc 106, wato daidai da injin ƙaramin babur, nauyinsa kuma ya haura kilo 10 tun kafin a ɗaura masa sarƙa. Maƙwabcin nawa ya same shi ne daga hannun ubangidansa, wanda ya yi ta tsaga katako da shi a dazuzzukan kudu kafin ya dawo gida. Ya fi shekara ashirin a hannunsa. A tsawon wannan lokaci an canza masa fistin da ringi, an canza igiya ba adadi, amma ba wanda ya taɓa buɗe ɓangaren wutarsa.

Sai an san yadda wannan ɓangare yake kafin a gane abin da ya biyo baya. A ƙarƙashin murfin igiya akwai fanka, a bayanta akwai wani ƙarfe mai kama da kwano, wanda makanikai ke kira maganeto, an dasa masa maganaɗisu a ciki. Kwanon ya kife ne a kan wani faranti mai ɗauke da abu uku: kwayil, kwantak da kwandansa. Batir babu shi. In kwanon ya juya maganaɗisu ya gifta kwayil, sai 'yar wuta ta taso a naɗin waya mai kauri, ta bi ta bakin kwantak da ke rufe ta sauka a jikin injin. Da fistin ya kusa kaiwa ƙololuwa, sai wani ɗan tudu a cibiyar kwanon ya ture kwantak ya buɗe. Yankewar nan ta farat ɗaya ita ke sa naɗi na biyu, mai siririyar waya zagaye dubbai, ya harba wutar da ta haura bolt 10,000 zuwa fulogi. Kwandansa kuwa aikinta ta shanye wutar da ke neman tsallake bakin kwantak a lokacin buɗewa, don yankewar ta yi kaifi, bakin kuma kada ya ƙone. In injin yana juyi 7,000 a minti, kwantak na buɗewa yana rufewa kusan sau 117 a daƙiƙa ɗaya.

Ƙarshen Oktoba: yadda ya fara

Da farko taurin tashi ne kawai. Injin da ake ja sau uku ya kama, ya koma sai an ja goma. Mai shi ya ɗora laifin a kan sanyin safiya da ya fara shigowa.

Ranar da abin ya fito fili, suna datsa wata tsamiya ne a wani gida a Fagge. Injin ya yi kamar minti ashirin yana ci, sai ya fara tsallake kamar mai shaƙuwa, ya yi harbi sau biyu ta salansa, ya mutu a tsakiyar gungume. An ja, an ja, shiru. Suka ajiye shi a inuwa suka je sallar azahar. Da suka dawo, ja biyu ya tashi kamar ba shi ba. Bayan minti goma sha biyar ya sake mutuwa.

Haka ya ci gaba: da sanyi ya tashi, da zafi ya mutu, in ya huta kamar rabin sa'a ya dawo.

Makonni biyun farko na Nuwamba: fulogi uku

Abin da kowa ke fara taɓawa shi ya fara taɓawa. Ya zare fulogi ya same shi baƙi ƙirin da jiƙar mai. Ya sayo sabo, ranar injin ya yi kusan sa'a guda kafin ya mutu, har ya ce wa yaransa an gama. Washegari aka koma gidan jiya. Cikin mako biyu ya sayi fulogi uku, kowanne ya yi kwana ɗaya ko biyu ya yi baƙi.

Duk lokacin da ya sa sabo yakan jingina gindinsa a jikin silinda ya ja igiya, ya ga tartsatsi, ya ce wuta kam akwai ta. A gida yake wannan gwaji, da safe, injin yana da sanyi.

Tsakiyar Nuwamba: kafireta

Ya kai wa wani matashin makaniki mai gyaran janareta a bakin titi. Yaron ya iya aikinsa, ƙananan janaretoci ba sa yi masa gardama. Shi ma ya jingina fulogi ya ga tartsatsi, ya ce, "Baba, wutarku lafiya lau, mai ne ba ya isa." Ya kwance kafireta ya wanke da fetur, ya canza 'yan robobin cikinta, ya canza matatar tanki, ya duba hujin iskar tanki ko ya toshe. Hasashen nasa ba na banza ba ne, domin toshewar hujin nan takan sa inji ya yi aiki na ɗan lokaci ya mutu, in an buɗe murfi ya dawo. Amma hujin a buɗe yake.

Da injin ya sake mutuwa, sai ya warware sukurorin mai ya ƙara masa. Hayaƙi ya ƙaru, ƙarfi ya ragu, fulogi ya riƙa yin baƙi cikin sa'o'i maimakon kwanaki. Mutuwar da zafi kuwa tana nan daram.

Ƙarshen Nuwamba: kwayil da guduma

Zuwa na uku, yaron ya ce kwayil ne, don a janareta in inji yana mutuwa da zafi, galibi shi ne. Aka sayo sabon kwayil na kwaikwayo, irin waɗanda suka cika kasuwa tunda ana ƙera injinan kwaikwayo na wannan samfuri.

Matsalar ita ce cire maganeto. Kwanon yana zaune ne a kan bakin karanshaf mai tsini, wato sandar da fistin ke juyawa, ya kama gam, kuma akwai abin janye shi na musamman da makanikai ke ce wa fula. Yaron ba shi da ita. Ya kwance noti, ya sa sukundireba biyu ta ƙarƙashi ya ɗaga, ya riƙa bugun bakin karanshaf da guduma har kwanon ya saki. Ya canza kwayil, ya goge bakin kwantak da sanfefa, ya daidaita tsakaninsa da ido. Da zai mayar, sai ya shafa giris a tsinin karanshaf, wai don gobe cirewa ta yi sauƙi. Notin ya ƙi shiga daidai saboda guduma ta tauye haƙoran farko, ya matse shi iya abin da ya samu.

Kwana biyu injin ya yi yana aiki yana mutuwa kamar da. A rana ta uku sarƙa ta maƙale a cikin wani gungumen turare, injin ya tsaya cak. Daga nan ya fara fizge igiya. In an ja, sai ya maido da hannun da ƙarfi, har yatsun mai shi biyu suka kumbura. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Disamba: mako uku a ƙarƙashin gado

Maƙwabcina ya ajiye shi. Ya riƙa karɓar hayar injin wani abokin sana'a, ana raba abin da aka samu, wani aikin kuma ya wuce shi saboda mai injin yana amfani da abinsa. Ɗaya daga cikin masu faskaren ya koma dako a 'Yan Katako na Na'ibawa. Mutum biyu sun taya tsohon injin a matsayin kayan gyara. Babban ɗansa, wanda ke kallon bidiyon gyare-gyare a YouTube, ya kawo shawarar a nemo wani ɗan ƙaramin abu na lantarki da ake sawa a madadin kwantak da kwandansa gaba ɗaya. An tambaya a shaguna biyu ba a samu ba.

Wani mai sayar da kayan babur ne ya yi masa kwatancen wani dattijo a bayan Ƙofar Ruwa, wanda ya yi zamanin gyaran Vespa lokacin da ta cika titunan Kano. Tsofaffin Vespa su ma da kwantak da kwandansa suke aiki a ƙarƙashin maganeto.

Litinin ta farko a Janairu: tambayoyi da buɗewa

Na raka shi ranar, shi ya sa abin da ke nan da idona na gani. Rumfar kwano ce, benci ɗaya, akwatin katako cike da sifanu, da wata tsohuwar mita mai allura da aka ɗaure murfinta da roba. Dattijon bai taɓa injin ba sai da ya yi kusan minti goma yana tambaya. In zai mutu, a hankali yake shaƙewa ko farat ɗaya? Yana harbi ta salansa? In ya mutu aka zare fulogi, a jiƙe yake ko a bushe? Minti nawa yake hutawa kafin ya dawo? Fizgar igiyar kafin a taɓa kwayil ta fara ko bayan an taɓa?

Da ya ji fulogin a jiƙe yake fitowa, sai ya ce, "To Malam, injin da ya mutu da yunwar mai ai fuloginsa a bushe za ka same shi. Naka mai yana zuwa, mai kunna shi ne babu."

"Baba, ai mun gwada wutar, akwai ta."

"Da zafi kuka gwada ko da sanyi?"

Maƙwabcina ya yi shiru.

Tambaya ta ƙarshe ita ce ina tsohon kwayil. Allah ya sa bai yar ba, yana cikin leda tare da fulogan nan uku.

Dattijon ya ɗaura fula, ya juya sau uku, kwanon ya saki da 'yar ƙara. Ya ajiye komai a kan farar takardar siminti ya riƙa nuna mana ɗaya bayan ɗaya. Ɗan makullin ƙarfe mai kama da rabin wata, wanda ke saita kwanon a kan karanshaf, ya tsage rabi, kwanon ya zame gaba. Ya ce makullin nan saiti kawai yake yi, tsinin ne ke riƙewa, kuma a bushe yake riƙewa. Giris da sakwan-sakwan ɗin noti su suka sa da sarƙa ta maƙale karanshaf ya tsaya, kwanon ya wuce. Tunda tudun da ke buɗe kwantak a jikin kwanon yake, wutar ta koma zuwa da wuri, tana tarar fistin tun yana hawa ta maido shi baya. Fizgar igiyar ke nan.

Bakin kwantak ɗaya ya yi rami, ɗayan ya yi tsiro, dukansu sun yi toka-toka. Akwai ɓurɓushin sanfefa a maƙale. Farantin gaba ɗaya ya yi danƙo da wani baƙin kwaɓi na mai da ƙurar hunturu. Ya sa yatsa a bayan faranti inda karanshaf ya fito, ya nuna mana jiƙa. Ya ce osil ɗin nan, wato robar da ke hana mai fita ta gefen karanshaf, yana zubarwa. Wayar makashi kuma, wadda ke kashe injin in an danna, rigarta ta bushe tana tsagewa.

Abu biyar ke nan a ƙalla. Na ɗauka zai ce a sayo duka. Bai ce ba. Ya ce in ya canza biyar injin ya warke, bai san wanda ya warkar da shi ba, in kuma ya dawo bai san inda zai nufa ba.

A ranar, gyaran ɓarnar baya kawai ya yi. Ya wanke faranti da fetur tsantsa, ya wanke giris daga tsinin da cikin kwanon, ya sa sabon makulli, ya gyara haƙoran karanshaf da 'yar siririyar magagari, ya cire sabon kwayil ya mayar da tsohon. Bakin kwantak ya goge shi da lallausan dutsen wasa wuƙa har ya yi sumul, sa'an nan ya ja tsaftatacciyar takarda a tsakani sau uku, sai da ta fito fara. Sukurorin kafireta ma ya maido su inda suke tun asali.

Talata: saiti, da gwajin zafi

Ta tagar da ke jikin kwanon ya zura fila geji, siririn ƙarfen auna tsakanin bakin kwantak. Tsakanin da yaron ya saita da ido bai kai milimita 0.2 ba, alhali ƙa'idar wannan samfuri kusan 0.4 ce. Ya buɗa shi zuwa 0.4. Tsakanin nan ba don kansa kawai ake auna shi ba: in ya yi faɗi wuta ta zo da wuri, in ya matse ta makara.

Sai taimin, wato saita lokacin zuwan wuta. Ya aro agogon awo daga wani mai sassaƙa ƙarfe da ke kusa, ya ɗaura shi a ramin fulogi, ya juya kwanon har fistin ya kai ƙololuwa, ya maido shi baya. Ya ce kwantak ya kamata ya fara buɗewa saura milimita 3 fistin ya kai ƙarshe. Don ya gane daidai lokacin buɗewar, sai ya yagi siririyar takardar cikin kwalin sigari, ya maƙala ta a bakin kwantak, ya riƙe da yatsa biyu yana ɗan ja, ɗaya hannun yana juya kwanon a hankali kamar mai auna hatsi. Da takardar ta saki, ya dubi agogon. Sau huɗu ya cire kwanon ya ɗan gusa faranti ya mayar kafin allurar ta tsaya a 3. Fulogi kuma ya saita bakinsa a milimita 0.5.

Kafin ya tayar, ya ɗauko wani tsohon fulogi da ya yanke wa ƙugiya, tsakaninsa ya kai kamar milimita 6, an ɗaura masa waya da maƙali. Ya ce tartsatsin da mutane ke gani a fulogi a sarari yaudara ce, domin a cikin silinda iska a matse take, wuta tana buƙatar ƙarfi ninkin-ba-ninkin kafin ta tsallake. Wutar da ta iya tsallake milimita 6 a waje ita ce za ta iya rabin milimita a ciki. Ya ja igiya, wuta shuɗiya ta tsallake da ƙara, ƙas.

Ja uku injin ya tashi, fizga babu. Maƙwabcina har ya fara godiya, dattijon ya ce a kawo gungume. Aka mirgino wani guntun darbejiya daga wajen mai shayi. Ya ce a yi ta yanka kada a tsaya, ya ajiye sifanar fulogi da fulogin gwaji a gefen ƙafarsa, yana duban agogon hannu.

A minti na goma sha takwas injin ya yi shaƙuwa ya mutu. Kafin a ƙirga ashirin dattijon ya zare hular fulogi da tsumma, ya maƙala na gwaji, ya ce a ja. Babu komai. Aka sake ja, wani ɗan jan tartsatsi ya leƙo ya ɓace. Ya cire wayar makashi daga makunni, ko ita ke taɓa jiki in ta yi zafi. Aka ja, babu canji. Bayan minti ashirin da biyar wutar ta dawo shuɗiya.

Wannan ne karo na farko cikin wata biyu da rabi da wani ya duba wutar a lokacin da ciwon yake kai.

Laraba: kwayil ko kwandansa

Saura biyu ake zargi, kuma dukansu zafi kan fallasa su. Kwayil in siririyar wayarsa ta tsinke a ciki, da sanyi bakunan kan taɓa juna, da zafi su rabu. Kwandansa in ta tsufa, abin da ya raba naɗin cikinta kan lalace, da zafi sai wuta ta riƙa tsiyaya ta cikinta zuwa jikin injin.

Ya fitar da su duka biyun. Da mitarsa ya auna naɗi na biyu na kwayil ɗin, allura ta nuna 'yan dubban om. Ya ɗaure shi cikin leda ya aika yaro wajen mai shayi ya zo da ruwan zafi a kofi, ya tsoma ledar ya bar ta minti biyar. Ya sake aunawa. Adadin ya ɗan hau, abin da kuma ya kamata ke nan, domin juriyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri na zafi. Amma bai yanke ba, ko da ya ƙwanƙwasa shi da bayan sukundireba.

Sai kwandansa. Ya juya mita zuwa ma'auni mafi girma, ya taɓa wayarta da jikinta. Allura ta yi tsalle kaɗan ta koma mazauninta. Ya ce haka lafiyayya take yi, ta sha ta ƙoshi ta rufe baki. Ya ɗaure ta a leda, aka sake kawo ruwan zafi. Da ya fitar ya taɓa, allurar ta yi tsalle ta dawo rabin hanya ta tsaya a nan. Ya miƙo mana mitar mu gani. Muna kallo, kwandansar tana hucewa a hannunsa, allurar tana komawa a hankali.

Ya ce, "Ga ɓarawonku."

Ramin da ke bakin kwantak ma, in ji shi, aikinta ne. Ta daɗe ba ta shanye wuta yadda ya kamata, bakin yana ta cin tartsatsi.

Ya tafi kasuwa da mitarsa a aljihu. A wani shago aka fito masa da kwandansa uku na wannan samfuri, ya auna su a kan kanta, ɗaya tun da sanyi allura ba ta komawa, ya ture ta gefe ya ɗauki biyun. Ya haɗa da sabon kwantak da waya. Ya dasa, ya sake saiti daga farko, 0.4 da 3, ya ɗiga ɗigon mai ɗaya tak a ɗan audugar da ke shafa tudun. Injin ya yi minti hamsin yana yanka, sai da tanki ya ƙare.

Ya ce saura osil. Maƙwabcina ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, wata biyu ban yi aikin kirki ba, bari in ɗan samu tukuna." Dattijon ya ce to, amma zai dawo.

Tsakiyar Janairu: dawowa

Kwana tara ya yi lafiya. A na goma ya ƙi tashi da safe, wannan karon tun da sanyi. Da aka buɗe, sabon kwantak ya yi naso da mai, ƙura ta kwanta a kai. Wuta 'yar kaɗan ce ke bi ta bakin nan, ɗan maiƙo ya isa ya tare ta.

Dattijon ya nuna masa wani abu kuma. Osil ɗin da ke fitar da mai yana kuma shigar da iska cikin ƙasan injin, iskar da ba ta bi ta kafireta ba. Man ya yi ƙaranci a cikin iska, inji ya riƙa gudu yana zafi fiye da kima, ƙarshenta fistin ya kama. Ya tambaye shi ko ya lura injin yana ɗaga murya shi kaɗai in an sake maƙulli. Ya ce ƙwarai, kwana biyun nan. Aka canza osil ɗin, aka girgiza karanshaf a ji ko boris ya saki, aka same shi lafiya. Aka wanke kwantak aka mayar.

Fabrairu zuwa Afrilu

Bayan mako huɗu maƙwabcina ya mayar da injin a duba, kamar yadda aka ce masa. Dunduniyar sabon kwantak ta ɗan ci, tsakanin ya sauko zuwa 0.35, aka maido shi 0.4. A Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, sun yi kwana uku suna datsa wasu manyan maɗatai, injin bai mutu ko sau ɗaya ba. Fulogin da ke kai ɗaya ne daga cikin ukun nan na leda, an goge shi kawai. Mai faskaren da ya tafi dako ya dawo.

Abin da ya faru a zahiri

Ciwon asali ɗaya ne, kwandansa ta tsufa, kuma ba abin mamaki ba ne ga ƙaramin abu da ya yi shekaru aru-aru yana shan zafi da girgiza. Osil ciwo ne na biyu da ke tafe a hankali, da ma zai fito ko ba jima ko ba daɗe. Sauran duka, tsagewar makulli da fizgar igiya da tauyewar haƙora da yawan hayaƙi, gyara ne ya kawo su.

Sabon fulogi yana ɗan taimakawa ne saboda tsaftataccen baki mai kaifi ba ya buƙatar wuta mai ƙarfi kamar wanda ya yi baƙi, sai raunanniyar wutar ta ɗan ƙara jimawa. Baƙin da fulogan ke yi kuwa alama ce ta man da bai ƙone ba, aka ɗauke ta a matsayin ciwon kansa. Ƙara mai a kafireta ya ƙara wa wutar da ba ta da ƙarfi kaya.

A ganina ba daidai ba ne a tattara laifin a kan matashin makanikin. Janaretocin da ya koyi aiki a kansu kwayil ɗinsu a rufe yake da lantarkinsa a ciki, babu kwantak babu kwandansa, in wuta ta ɓace da zafi a canza kwayil a wuce wurin. A iliminsa hasashensa daidai ne. Inda ya yi kuskure shi ne guduma da giris, da kuma gwada wuta a kan injin da ya huce. Mai injin ma a nan ya faɗi, kuma ya ƙara da jinkirta osil, wanda ya ci masa kwana biyu na aiki da kuɗin buɗewa karo na biyu.

Shawarar ɗansa ba ta da laifi. Abin lantarkin nan yana aiki a kan injina irin wannan, kuma yana raba mutum da goge kwantak da saitin tsakani. Dattijon ya ce in an samu a kawo ya sa, sai dai shi ma sai an duba taimin bayan sawa, kuma da an sa shi a Disamba, kan tsagaggen makulli da osil mai zuba, da an ce shi ma bai yi ba.

Abu ɗaya bai gyaru ba. Haƙoran bakin karanshaf da guduma ta tauye, biyu daga ciki sun tafi, notin yana riƙe ne da sauran. Dattijon ya ce zai iya ɗaukar cirewa ɗaya ko biyu nan gaba, bayan haka sai dai a nemi wani karanshaf. Kwandansa ta biyu da aka sayo tana cikin gwangwanin madara a akwatin kayan aiki, tare da fulogin gwaji da dattijon ya yanke masa. Sabon kwayil ɗin kuwa har yanzu yana cikin leda, mai shagon ya ce kayan wuta in an ɗaura ba a maidowa.